Yadda Ake Shirya Tafiyar Keke a Hanyoyin Karkarar Filato, Mataki-Mataki

Masu tambaya sun yi yawa, kuma tambayoyin ba sa wuce huɗu: wane irin keke zan saya, wace hanya zan bi, me zan kashe, sannan babu hatsari kuwa? Yawancinsu sun ga hotunan duwatsun Filato ne da koren ciyawa da kwalta shimfiɗe babu mota ko ɗaya, sai ransu ya biya. To ga amsar a jere. Na ɗauki kewayen Jos, Bukuru, Vom da Kuru a matsayin misali, amma wanda zai hau a wata karkarar zai iya ɗaukar mafi yawan abin da ke nan.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko. Hanyar da babu motoci, ita ce kuma hanyar da babu mai faci, babu shago, babu wanda zai tsaya ya ɗauke ka idan keke ya ƙi. Duk shirin da ke ƙasa saboda wannan ne.

1. Zaɓen keke

Keken da ya dace da wannan tafiya shi ne mai giya, marar nauyi, mai taya 700c, wato lambar girman taya da ake rubutawa a gefenta. Ko mai lanƙwasasshen kai irin na 'yan tsere, ko mai miƙaƙƙen kai, duk za su yi. Sai dai ka kula da faɗin taya. Siririyar taya mai milimita 23 ta 'yan tsere ce a kan kwalta mai sulɓi, ba ta hanyar ƙauye ba. Nemi mai faɗin milimita 28 zuwa 32, ko ma 35 idan firam ɗin zai ɗauka, domin kwaltar karkara ba ta rasa rami, tsakuwa da wurin da ta ɓare gaba ɗaya ta koma gargada.

Sai giya. Filato ba shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ce irin ta Kano ko Haɗeja, hawa ne da gangara. Ka duba ƙaramin faifan gaba ya zama mai haƙora 34 ko ƙasa da haka, babban faifan baya kuma mai haƙora 30 ko 32. Ana rubuta lambar a jikinsu, in ba ka gani ba ka ƙirga. Da wannan giyar za ka hau tudu kana zaune, ba sai ka sauka kana turawa ba.

Kusan kowa na gwanjo zai saya, don sabon keke mai inganci ya fi ƙarfin yawancinmu. Babu laifi, amma kada ka biya sai ka yi waɗannan a gaban mai sayarwa: ka goge ƙurar wuraren walda ka duba ko akwai tsaga, musamman wajen wuyan keke da ƙasan sirdi. Ka ɗaga kowace ƙafa ka juya wili, ka ga ko yana kaɗawa yana taɓa birki. Ka riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, akwai gyara. Ka hau ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, kada kaca ta riƙa tsalle.

Gargaɗi: za a nuna maka firam na kabon, wanda ba ƙarfe ba ne, wani zare ne da aka haɗa da danƙo ya daskare, a ce ka ɗaga ka ji ba nauyi. Gaskiya ne ba nauyi, amma tsagar kabon tana iya ɓuya a ƙarƙashin fenti, kuma ba mai walda da zai gyara maka shi. Ga mai farawa, na alminiyom ko na ƙarfe ya fi kwanciyar rai.

Gargaɗi na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci: kekunan gwanjo daga ƙasashe daban-daban suke zuwa. Waɗanda suka fito daga Ingila da Japan, hannun dama ne ke kama birkin gaba. Na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa, hagu ne na gaba. Ka matsa kowanne ka gani da idonka kafin ka hau. Mutum ya damƙi birkin gaba da ƙarfi a gangara yana zaton na baya ne, ta kan keken zai wuntsila.

2. Daidaita keken da jikinka

Ka tsaya keken yana tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa. Ya kamata a sami tazarar yatsa biyu ko uku tsakaninka da sandar sama. In sandar na taɓa ka, keken ya yi maka girma, komai arharsa ka bar shi.

Tsawon sirdi kuma ga yadda ake gane shi: ka zauna, ka jingina da bango, ka ɗora diddigenka a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ƙugu ba. Idan ka dawo da gaban ƙafa kan fedar, yadda ake tuƙi, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Haka ake so. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sauke sirdi ƙasa don ƙafa ta riƙa taɓa ƙasa ana zaune. A cikin unguwa ba komai, amma bayan kilomita 20 gaban gwiwa zai fara zafi, kuma ciwon ba ya tafiya da wuri. Sirdin ya kwanta daidai, kada bakinsa ya kalli sama.

3. Kayan tafiya da yadda za ka raba kuɗinka

Farashin kayan keke yana bin dala, abin da aka faɗa maka a wannan wata ba shi za ka tarar a wata mai zuwa ba. Don haka shawarata a kan rabo ce: duk abin da ka ware, kada ka zuba shi kaf a kan keken. Ka bar kusan kashi ɗaya cikin uku don kaya da gyaran farko. Keken gwanjo kusan kullum yana bukatar sababbin tayoyi, robar birki, wayar birki ko ta giya, wani lokaci har da kaca.

Ga jerin sayayya bisa muhimmanci. Hular kwano ce farko, kuma sabuwa, domin wadda ta taɓa buguwa ta gama aikinta ko da ba ka ga tsaga ba. Sai tub biyu na ajiya daidai da girman tayarka, ƙaramin famfon hannu, robobin cire taya guda biyu, faci da sholisho da 'yar takardar gurza, saitin alanki na ɗaure kusoshin keke da kwance su, jar fitila mai ƙyaftawa ta baya da fara ta gaba, gorar ruwa biyu, ƙararrawa, tabarau, da safar hannu. Ka ƙara da bandeji, filasta da maganin wanke rauni. Wando mai soso a ciki ba ado ba ne, shi ke hana gogewar cinya. Ana sa shi daga ciki a ɗora dogon wando marar faɗi a kai, wanda kuma ya fi dacewa idan za a ratsa ƙauyuka.

Abin da za ka iya jinkirta saye: agogon auna gudu, takalmi mai maƙalewa a feda, rigar 'yan tsere. Waya da takalmin motsa jiki mai tauri a ƙasa sun wadatar.

Gargaɗi: yawancin tayoyin 700c suna da siririn bawul mai ɗan murfi da ake warwarewa, ba irin na mota da babur ba. Famfon mai facin ƙauye ba zai kama shi ba, tub ɗinka ma da wuya ka same shi a can. Ka sayi ɗan ƙaramin mahaɗin da ke mai da shi irin na mota ka jefa a jaka. In kuma mai faci zai sa maka iska da inji, ka tsaya a kansa, kaɗan-kaɗan, don ƙaramar taya ba ta jimre wa bugu ɗaya na injin.

Gargaɗi ga maza da mata duka: wando mai faɗin ƙafa, doguwar riga, zani ko hijabi mai saukowa ƙasa suna shiga kaca ko wili. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, yana jan mutum ya faɗi nan take. A ɗaure ƙafar wandon dama, hijabi ya tsaya a ƙugu, kada a bar wani yadi yana lilo.

4. Koyi yin faci tun a gida

Kada ranar farko da za ka cire taya ta zama a bakin hanya, rana na dukanka. Ka zauna a tsakar gida ka gwada har hannunka ya saba.

In ta baya ce, ka mai da kaca kan ƙaramin faifan baya tukuna, ka saki birki, sannan ka kwance wili. Ka fitar da sauran iskar. Ka zura robar cire taya ɗaya a ƙarƙashin leɓen tayar, nesa da bawul, ka danna ka maƙala ta a waya. Ka zura ta biyun kusa da ita ka ja ta zagaye, gefe ɗaya zai fito. Ka zaro tub. Yanzu ga wurin da mutane ke tsallakewa: ka bi cikin tayar da yatsunka a hankali, zagaye ɗaya cikakke, kana kuma dubawa da ido. Abin da ya huda ta yana nan, ƙaya ce ko ɗan siririn waya ko ɓarin kwalba wanda bai kai ƙwayar gero ba. In ba ka cire shi ba, sabon tub ɗin ma ba zai kai ka ko'ina ba.

A kan hanya tub ake canzawa, ba faci ake tsayawa yi ba. Ka ɗan hura wa sabon iska ya yi siffa, ka fara sa bawul, ka cusa sauran a cikin tayar, ka mai da leɓen taya da manyan yatsunka. Kafin ka buga iska, ka bi zagayen kana matsa tayar, ka tabbata tub bai maƙale tsakanin taya da ƙarfe ba. Wanda ya huje ka naɗe shi ka kawo gida. A gida ka nemo hujin a cikin ruwa, ka bushe wurin, ka gurza, ka shafa sholisho siriri, ka jira har ya daina ƙyalli, sannan ka manna facin ka danne. Mai gaggawar mannawa kan ɗanyen sholisho, facinsa ba ya zama.

Yawan iskar da taya ke ɗauka yana rubuce a gefenta. Ga mai nauyin kilo 70, taya mai milimita 28 tana son wajen awo 70 zuwa 80 a ma'aunin famfo, a layin da aka rubuta PSI, mai 32 kuma wajen 55 zuwa 65. In iska ta yi kaɗan ka faɗa rami, ƙarfen wili zai cije tub ya yi masa huji biyu a jere. In ta yi yawa, keken zai riƙa tsalle a kan gargada, hannu da baya su gaji.

5. Zaɓen hanya

Nan ne ainihin aikin, kuma a zaune ake yin sa kwana biyu ko uku kafin tafiya.

Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere da ke gabashinta kuma sun haura mita 1,800. Wannan tsawo shi ya ba wurin sanyinsa, shi ne kuma zai sa wanda ya zo daga Kano, wadda ba ta kai mita 500 ba, ya ji numfashinsa na cika da wuri a kwanakin farko. Baƙo ya huta kwana ɗaya, ya fara da gajeriyar hanya.

Ka fara ware hanyoyin da ba naka ba. Babban titin Jos zuwa Bukuru har Mararabar Jama'a cike yake da motoci, in dole ka bi shi, ka bi da sassafe kuma ka fita daga kansa da zarar ka sami dama. Titin da ya wuce Riyom ya gangara Hawan Kibo zuwa Akwanga kuwa, hanyar tireloli ce, kuma gangarar ta yi suna wajen hatsarin manyan motoci da birki ya ƙwace musu. Na san faɗuwar ruwa ta Assop tana can wajen, na kuma san dutsen Riyom mai ɗaurarrun duwatsu kan juna yana jan ido. Ka je su a mota. Mai keke ba shi da abin yi a Hawan Kibo, komai ƙwarewarsa.

Abin da kake nema shi ne ƙananan hanyoyin kwalta da ke haɗa garuruwa da ƙauyuka. Don gwajin farko, ɓangaren Rayfield da ɓangaren Lamingo zuwa gindin Shere suna kusa da gari, in wani abu ya lalace ba ka yi nisa ba. In ƙafa ta yi ƙwari, sai ka nufi Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924, kimanin kilomita 25 daga Jos, da Kuru mai cibiyar nazarin manufofi da dabaru da aka kafa a 1979. Wannan yankin shi ne Filato da ake ba da labari: fili ya buɗe, duwatsu a zube nan da can, gonakin dankalin turawa da acca da kabeji, shingen kyarana ya kewaye gidaje, ga tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa suna ɗaukar ido.

Yadda za ka tsara: ka buɗe taswirar Google a waya, ka koma hoton tauraron ɗan'adam, ka bi hanyar da ido daga farko har ƙarshe. Inda ka ga launin hanya ya koma ja, kwalta ta ƙare. Manhajoji irin su Strava da Komoot suna nuna yawan hawan da ke cikin hanya, wannan lambar kuma ta fi yawan kilomita faɗa maka gaskiyar wahalar da ke gaba. Ka sauke taswirar yankin a waya yadda za ta yi aiki ko babu sabis. Ka sa alama a garuruwan da za ka sami ruwa da abinci, kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce kilomita 15.

Lissafin lokaci: mai farawa yana yin kilomita 15 zuwa 18 a awa a irin wannan ƙasa. Kilomita 40, da tsayawa da hutawa, awa uku ne ko fiye. Kada ka fara da 40 ɗin. Sati uku ko huɗu kana yin 10, 15, 20 a kusa da gida, sannan ka ƙara. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka kuma duba iska. A hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, da damina daga kudu maso yamma. In da hali, ka tafi kana fuskantarta lokacin da kake da ƙarfi, ta turo ka a dawowa.

Gargaɗi: ramukan kuza suna da kyau a ido, amma bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a gani, kuma sun sha cin mutane. Ka tsaya daga nesa ka kalla. Ba wanka, ba wanke keke, ba sha.

Gargaɗi: farin ruwan da ke fita daga kyarana yana ƙona fata, in ya shiga ido kuma abin ya yi muni. Kada ka jingina keke ko jikinka a shingen, kada ka karya reshe.

6. Tambayi mutanen wurin

Ba zan ɓoye wannan don kada in rage wa kowa sha'awa ba. Ƙananan hukumomin Riyom, Barkin Ladi, Bokkos, Mangu da Bassa sun sha fama da hare-hare da rikici a 'yan shekarun nan, an yi asarar rayuka masu yawa, wani lokaci har a sa dokar hana fita. Hanyar da take lafiya a wannan wata tana iya canzawa a wata mai zuwa, taswira kuwa ba ta san wannan ba. Wuraren da suka fi nisa, irin su tsofaffin duwatsu masu aman wuta na Kerang da tafkin Pidong a Mangu, sun cancanci gani, amma sai lokacin da mutanen can da kansu suka ce maka ka zo.

Saboda haka kwana ɗaya kafin tafiya ka kira wanda yake zaune a yankin, ba wanda ya taɓa zuwa ba. Direbobin da ke bin hanyar kullum a tasha su ma sun san halin da ake ciki. Ka tambaye su kai tsaye: hanya kaza lafiya a 'yan kwanakin nan? In ka ji an yi jim, an ce "to, da dai ka bari", ka bari. Kada ka yi gardama da wanda ya kwana a wurin.

Kada ka tafi kai kaɗai. Mutum uku ya fi, in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. In a cikinku akwai ɗan yankin, ya fi komai. Ka bar wa na gida sunan hanyar da lokacin dawowa, ka riƙe katin shaida. A shingen jami'an tsaro ka rage gudu tun daga nesa, ka cire tabarau, ka gaisa, ka amsa abin da aka tambaye ka. Kada ka ɗauki hoton shinge, barikin soja ko ƙofar wata cibiyar gwamnati, haka mutane da gidajensu sai da izini.

7. Lokacin shekara da lokacin fita

Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba ne lokacin da na fi so: ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta gama bushewa ba, hazo bai yi kauri ba. Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyin safiya mai shiga ƙashi, sai da rigar iska da safar hannu mai rufe yatsu, ga hazo da ke hana direba hango ka. Yuli da Agusta ruwa ne kusan kullum. Damina tana da kyan gani fiye da kowane lokaci, amma hadarin Filato yana haɗuwa da sauri, yakan zo da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara.

Ka fita da gari ya waye sosai, ba cikin duhu ba, ka shirya dawowa kafin azahar. Ka kauce wa ranar kasuwar garin da za ka ratsa, don ran nan motoci da babura ne ke cika hanyar da ka zaɓa saboda shirunta. Da azumi kada ka yi doguwar tafiya da rana.

Gargaɗi: in ka ga walƙiya ka ji tsawa kafin ka ƙirga 30, aradu tana kusa. Fili ne buɗaɗɗe, kai ne abu mafi tsawo a wurin. Ka sauka ka nemi gini mai rufi, ba gindin bishiya ba, ba kan dutse ba.

8. Daren tafiya da safiyarta

Da dare ka buga iska, ka gwada birki biyu, ka ɗiga wa kaca mai ka goge rarar da tsumma, ka tabbata wili biyun a ɗaure suke, ka cika waya da fitilu da caji. Ka sa kuɗi ƙanana a aljihu, domin ba kowane ƙauye za ka sami mai POS ko sabis na tura kuɗi ba, kuma kuɗin su isa a ɗauko ka da kekenka a mota in ta kama. Da safe ka karya da abu marar nauyi awa ɗaya kafin fita, kunu da ƙosai ko shayi da burodi.

9. A kan hanya

Hannun dama ake bi, tare da motoci, ba ana fuskantarsu ba. Kada ka manne da bakin kwalta inda yashi da tsakuwa suke taruwa, ka bar kamar taku ɗaya. Ku jeru ɗaya bayan ɗaya, na gaba ya riƙa nuna rami da hannu yana faɗa. Fitilar baya a kunne ko da rana ce. Ba abin sauraren waƙa a kunne: a hanya marar motoci, kunnenka ne zai fara gaya maka tifa na tafe, direbanta kuma yana gudu ne don bai zaci kowa ba. In ka ji babbar mota a wurin da hanya ta matse, ka sauka gefe ka tsaya ta wuce.

Wajen hawa, ka sauya zuwa giya mai sauƙi kafin tudun ya kama ka, ka ɗan sassauta ƙafa lokacin da kake sauyawa don kada kaca ta tsinke. Ƙafa ta riƙa juyawa da sauri ba nauyi, kamar sau 80 a minti, maimakon a riƙa danna feda da ƙarfin tsiya. In ba ka iya magana da na kusa da kai ba saboda haki, ka rage.

Gangara ta fi hawa hatsari. Ka ja jikinka baya kaɗan, yatsu a kan birki biyu, ka riƙa matsawa kana saki, kada ka riƙe ƙam tun daga sama har ƙasa. Ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba, fedar ɓangaren da kake juyawa tana sama. Bayan ruwan sama, yashi yakan kwanta a ƙasan gangara da bakin kwalbati, birki kuma ba ya kamawa da wuri in wili ya jiƙe.

Za ka haɗu da shanu suna tsallaka hanya. Ka tsaya daga nesa, ka gai da makiyayin, ka jira su wuce. Kada ka kutsa tsakaninsu, kada ka kaɗa ƙararrawa, musamman in akwai saniya da ɗan maraƙi. Awaki da kaji da yara kuwa ba a san inda za su nufa ba, don haka cikin ƙauye tafiyar ƙafa ce gudunka, kana sallama kana amsawa. Hausa za ta kai ka ko'ina a yankin. Karnuka suna da yawa a ƙauyukan Filato. In kare ya biyo ka, kada ka yi tsere da shi a hawa, ka sauka ka sa keken tsakaninka da shi, ka daka masa tsawa, yawanci zai koma.

Gargaɗi: in kare ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan ka tafi asibiti a ranar don allurar ciwon haukan kare. Ba a jira a ga alama, in alama ta fito magani ya ƙare.

10. Ci da sha

Sanyin wurin yana ruɗi, ba ka jin ƙishi amma jiki na zubar da ruwa, musamman a busasshiyar iskar hunturu. Ka sha kamar rabin lita ko fiye a kowace awa, kurɓi-kurɓi. Gora ɗaya ruwa zalla, ɗayar ka sa mata haɗin gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Bayan awar farko ka fara ci kaɗan-kaɗan duk minti 30 ko 40: dabino, ayaba, ƙuli-ƙuli, ko dafaffen dankalin turawa da ɗan gishiri a leda. Wanda ya jira sai ya ji yunwa, ƙafa za ta mutu masa lokaci ɗaya, jiri ya biyo baya. In haka ta faru, ka zauna a inuwa, ka ci abu mai zaƙi, ka ba shi minti 15. Tuwo ko gwaten acca, a bari sai an dawo.

11. In an faɗi

A fara janye mutum da keke daga kan kwalta, sai dai in yana kukan wuya ko baya, to kada a motsa shi, a tsare masa hanya. Ƙujewa a wanke da ruwa mai tsabta a rufe, a kuma tuna da allurar tetanus. Wanda kansa ya bugu, ko da ya ce lafiya lau, ya gama hawa na ranar, a nemi mota. In ya yi amai, ko ya rikice, ko barci na fizgarsa, asibiti kai tsaye. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122, amma ka ajiye lambar wani direba ko ɗan'uwa mai mota da ka riga ka yi magana da shi, don shi zai fi saurin isowa.

12. Bayan an dawo

Ka sanar da na gida da wanda ka tambaya hanya cewa ka iso. Ka goge keken tun ƙura ba ta kama ba. Kaca a wanke ta da kananzir da tsohon burushi, ta bushe, a ɗiga mata man kaca ko man keken ɗinki. Baƙin mai da giris suna tara yashi, yashin kuma ya cinye haƙoran faifai. Ka bi tayoyi ka cire duk tsakuwa ko ƙayar da ta maƙale, ka yi wa tub ɗin da ya huje faci ka mayar jaka. Ka rubuta inda kwalta ta lalace, inda ka sami ruwa da awa nawa tafiyar ta ci. In gwiwa da baya ba su yi ƙorafi ba bayan kwana biyu, fita ta gaba ka ƙara kilomita 5 zuwa 10, kuma ka sake kiran mutumin nan na yankin kafin ka fita.